Zaɓen Gwamnan Kano na 2023: Yadda aka fafata a akwati, aka ƙarasa a Kotun Ƙoli

Zaɓen gwamnan Jihar Kano da aka gudanar ranar Asabar, 18 ga Maris, 2023, yana cikin zaɓukan jihohi da suka fi jan hankali a Najeriya tun bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta bayyana Abba Kabir Yusuf na jam'iyyar NNPP a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'a 1,019,602. Nasiru Yusuf Gawuna na APC, wanda a lokacin shi ne mataimakin gwamna, ya samu 890,705. Ratar ƙuri'a 128,897 ke nan. Sai dai sanarwar ba ta kashe wutar ba. Kotuna biyu a jere sun ƙwace kujerar daga hannun Abba sun miƙa wa Gawuna, kafin Kotun Ƙoli ta mayar masa da ita ranar 12 ga Janairu, 2024, kusan wata goma bayan an kaɗa ƙuri'a.

Kujerar da mai ita ba ya cikin takara

Sashe na 182 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana wanda aka zaɓa gwamna sau biyu sake neman kujerar. Abdullahi Umar Ganduje ya hau mulki a 2015, aka sake rantsar da shi a 2019, don haka wa'adinsa ya ƙare ranar 29 ga Mayu, 2023. Irin wannan zaɓe yana da ɗabi'arsa daban. Gwamna mai barin gado ba ya kan takardar ƙuri'a, amma shi ke riƙe da baitulmali, da shugabannin ƙananan hukumomi, da ragamar jam'iyya, kuma kusan kullum shi ke nuna wanda yake so ya gaje shi. Ɗan takarar da aka nuna yana cin gajiyar wannan ƙarfi, yana kuma ɗaukar laifin duk abin da gwamnati ta yi wa jama'a cikin shekara takwas, ko da ba shi ya sa hannu ba.

Kano ta sha ganin haka. A 2011 Malam Ibrahim Shekarau ya kammala wa'adinsa ya tsayar da Salihu Sagir Takai a ANPP, Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP ya kayar da shi da ratar kimanin ƙuri'a dubu sittin. A 2015 Kwankwaso ya tsayar da mataimakinsa Ganduje, guguwar Buhari ta taimaka, aka ci da rata mai yawa. Zaɓen 2023 shi ne karo na uku da gwamna mai barin gado ya yi yunƙurin naɗa magaji, kuma karo na biyu da abin ya faskara.

Sharaɗin cin zaɓen yana cikin sashe na 179: dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Kano na da ƙananan hukumomi 44, wato ana buƙatar 30. Masu rajistar zaɓe a jihar a 2023 sun kai 5,921,370, Legas ce kaɗai ta fi ta.

Bashin 2019

Ba za a fahimci zafin 2023 ba sai an koma baya. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003, da kuma daga 2011 zuwa 2015. Bai cika shekara a kan mulki ba zumuncin ya tsinke. Ɓarakar ta fito fili a watan Maris na 2016, bayan ta'aziyyar da Kwankwaso ya je yi ta rasuwar mahaifiyar Ganduje, inda ɓangaren gwamnati ya zargi magoya bayansa da mayar da zaman makoki taron siyasa. Daga nan Ganduje da mutanensa suka ajiye jar hula, siyasar Kano ta rabe gida biyu, Kwankwasiyya da Gandujiyya.

A zaɓen 9 ga Maris, 2019, Abba Kabir Yusuf, a lokacin yana PDP, yana gaba da ƙuri'a 1,014,474, Ganduje na da 987,819. Ratar 26,655 ce, ƙuri'un da aka soke kuma sun kai 128,572, sai INEC ta ce zaɓen bai kammala ba. Daga wannan rana kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin Kanawa, har yara suka iya ta. Cikin sakamakon da aka soke akwai na mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nassarawa, bayan hargitsin da aka yi a wurin tattara sakamako. 'Yan sanda sun kama mutane a wurin, cikinsu har da mataimakin gwamna Nasiru Gawuna da kwamishinan ƙananan hukumomi Murtala Sule Garo, daga baya aka sake su. Aka yi zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Maris cikin yanayin da masu sa ido na gida da na Tarayyar Turai suka bayyana da cewa yana cike da tarzoma da tsoratar da masu zaɓe. Ganduje ya ƙare da 1,033,695, Abba 1,024,713. Ratar 8,982 kacal. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Ganduje a Janairun 2020.

To, mutanen biyu da aka kama a Nassarawa a 2019 su ne APC ta tsayar gwamna da mataimaki a 2023. Wannan kaɗai ya ishi NNPP abin hawa mumbari.

Yadda 'yan takarar suka fito

A ɓangaren APC, rikici ya rigayi zaɓen fid da gwani. A watan Oktoba na 2021 jam'iyyar ta yi tarukan zaɓen shugabanni biyu a rana ɗaya: ɓangaren gwamna ya zaɓi Abdullahi Abbas, ɓangaren da ake kira G7, wanda Sanata Shekarau da Sanata Barau Jibrin ke ciki, ya zaɓi Ahmadu Haruna Ɗanzago. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Mayun 2022 ta bar jam'iyyar a hannun ɓangaren Ganduje. Bayan haka aka yi sulhun rabon kujeru. Barau, wanda ya daɗe yana shirin neman gwamna, ya janye ya koma neman Sanatan Kano ta Arewa, Ganduje kuma ya haƙura da tasa sha'awar kujerar sanatan. Gawuna ya samu tikitin gwamna, aka haɗa shi da Murtala Garo. Sha'aban Ibrahim Sharaɗa, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Birni, wanda ya kara da Gawuna a zaɓen fid da gwani, ya fice zuwa ADP ya yi takara a can.

Gawuna ba baƙo ba ne a gwamnati. Ya shugabanci ƙaramar hukumar Nassarawa a zamanin Shekarau, ya riƙe ma'aikatar noma a matsayin kwamishina, sannan ya zama mataimakin gwamna a 2018 bayan Farfesa Hafizu Abubakar ya ajiye muƙamin. Ko abokan adawarsa sun yarda mutum ne mai sanyin hali da iya zama da jama'a, kuma a kan wannan aka gina yaƙin neman zaɓensa.

Kwankwaso ya bar PDP a watan Maris na 2022 ya shiga NNPP, jam'iyyar da kafin zuwansa ba ta da wani tasiri a Kano, mai alamar kwandon kayan marmari a lokacin. Bai sauya ɗan takara ba: Abba Kabir Yusuf, wanda aka fi sani da Abba Gida-Gida, tsohon mai taimaka masa na musamman kuma kwamishinan ayyuka daga 2011 zuwa 2015, tare da Aminu Abdussalam Gwarzo a matsayin mataimaki, kamar dai yadda aka yi a 2019. Shekarau ya shiga NNPP a watan Mayu, ya fita zuwa PDP a watan Agusta bisa zargin an saɓa alkawarin da aka yi wa mutanensa. Amma wasu manyan da suka bar APC a wannan lokaci, irin su Kawu Sumaila da Abdulmumin Jibrin Kofa, sun zauna daram a NNPP, kuma su ne suka buɗe mata ƙofar Kano ta Kudu.

PDP kuwa ta ɓata lokacinta a kotu tsakanin Sadiq Wali da Muhammad Abacha, kan wane ne halastaccen ɗan takara. Sai a watan Fabrairun 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsayar da Wali, lokacin da aski ya riga ya zo gaban goshi. Akwai kuma Malam Ibrahim Khalil a ADC da Salihu Tanko Yakasai a PRP.

Abin da aka yi jayayya a kansa

NNPP ta gina yaƙinta a kan ƙorafi uku. Na farko filaye: zargin cewa gwamnati ta yanka filayen makarantu, asibitoci, maƙabartu, jikin ganuwa da filin Idi ta sayar ko ta ba 'yan kasuwa. Na biyu ilimi: tallafin karatu a ƙasashen waje da cibiyoyin koyon sana'a da Kwankwaso ya kafa, waɗanda ta ce an yi watsi da su. Na uku zargin rashawa, musamman faifan bidiyon da jaridar Daily Nigerian ta wallafa a Oktoban 2018, wanda ta ce yana nuna Ganduje na karɓar daloli daga hannun ɗan kwangila. Ganduje ya musanta, ya ce haɗa bidiyon aka yi. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai batun masarauta: dokar 2019 da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, da kuma tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris, 2020. Wannan batu takobi ne mai kaifi biyu, domin a garuruwan da suka samu sababbin sarakuna akwai masu murna da abin da a cikin birni ake kuka da shi.

APC ta nuna gadojin sama da na ƙasa da ta gina a Dangi, Hotoro da Ƙofar Ruwa, ta kuma yi ta tunatar da cewa Kano ta zauna lafiya a shekarun da 'yan bindiga suka addabi Katsina, Zamfara da Kaduna. Hujjarta mafi ƙarfi a kan Abba ita ce ba shi zai yi mulki ba, Kwankwaso ne zai yi wa'adi na uku ta bayan fage.

Sai kuma ƙarancin takardun naira da sauya fasalin kuɗi na Babban Bankin Najeriya ya haddasa daga farkon 2023. A garin da kasuwancinsa ya dogara da tsabar kuɗi a hannu, daga Kantin Kwari zuwa Singa da Dawanau, abin ya yi ciwo ƙwarai. Ganduje ya fito ya soki manufar, Kano ta shiga sahun jihohin da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, amma a idon mai layin banki, jam'iyyar tsintsiya ce ke mulki a Abuja da Kano duka.

Mako uku tsakanin zaɓuka biyu

Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ya nuna inda iska ke kaɗawa. Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano, Bola Tinubu 517,341, Atiku Abubakar 131,716, Peter Obi 28,513. NNPP ta ɗauki kujerun sanata biyu cikin uku da mafi yawan kujerun majalisar wakilai. Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya a Kano ta Kudu, Barau ya tsira da Kano ta Arewa. A Kano ta Tsakiya aka yi abin al'ajabi: INEC ta bayyana Shekarau a matsayin wanda ya ci a NNPP, jam'iyyar da ya bari wata shida kafin nan, saboda sunansa ne ya rage a takardunta, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Rufa'i Sani Hanga.

An tsara zaɓen gwamnoni ranar 11 ga Maris, sai INEC ta ɗage shi da mako guda domin sake saita na'urorin tantance masu zaɓe, BVAS. Waɗannan makonni uku APC ta yi amfani da su fiye da yadda mutane da yawa suke tunawa. A duba alƙaluman: daga zaɓen shugaban ƙasa zuwa na gwamna, ƙuri'un NNPP sun ƙaru da 22,323 kawai, na APC kuwa sun ƙaru da 373,364. Ratar da ta kusa dubu ɗari huɗu da tamanin ta dawo ƙasa da dubu ɗari da talatin. PDP da ta samu fiye da dubu ɗari da talatin a Fabrairu ba ta kai dubu ashirin ba a Maris, sauran 'yan takarar ma babu wanda ya kai haka. A ganina waɗannan alƙaluma suna nuna abu biyu: ƙuri'ar Kwankwasiyya tsayayya ce, ba ta cika ƙaruwa ko raguwa ba, sannan kusan duk wanda ba ya tare da ita ya tattaru a bayan Gawuna a zagaye na biyu. Duk da haka, jimillar ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Mafi yawan Kanawa masu katin zaɓe ba su fita ba, a zaɓen da ake cewa ya girgiza jihar.

Ranar zaɓe da sanarwa

An samu rahotannin 'yan daba, fasa akwatuna da sayen ƙuri'a a wurare da dama, kowane ɓangare na ɗora wa ɗayan. Saboda ƙarancin tsabar kuɗi, masu sa ido sun ba da labarin raba atamfa, taliya da sabulu a kusa da rumfuna. Magoya bayan NNPP sun farfaɗo da tsohon taken siyasar Kano na "a kasa, a tsare, a raka", suka bi sakamako daga rumfa zuwa mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, wasu suka kwana a kewayen ofishin INEC na jiha, saboda fargabar kada a maimaita 2019.

Wakilan APC sun nemi a ce zaɓen bai kammala ba, bisa hujjar cewa masu zaɓe a rumfunan da aka soke sun fi ratar da ke tsakani. Ƙa'idar INEC ta ce idan adadin waɗanda suka karɓi katin zaɓe a rumfunan da aka soke ya zarce ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai a sake zaɓe a wuraren. Baturen zaɓe, Farfesa Ahmad Doko Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, bai amince cewa an kai wannan matsayi ba, ya bayyana Abba a safiyar Litinin, 20 ga Maris. Gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita a ranar. Hakan bai hana murna a tituna ba, bai kuma hana ɓata-gari kai hari kan kadarorin wasu magoya bayan APC ba, ciki har da na mawaƙi Dauda Kahutu Rarara. A majalisar dokokin jiha NNPP ta ƙare da kujeru 26 cikin 40, APC 14.

Ranar 29 ga Maris, bayan INEC ta miƙa wa Abba takardar shaidar cin zaɓe, Gawuna ya fitar da saƙon murya yana taya shi murna, yana kira ga magoya bayansa su rungumi ƙaddara. Jam'iyyarsa ba ta bi shi ba. A watan Afrilu APC ta shigar da ƙara ita kaɗai, babu sunan ɗan takararta cikin masu ƙara. An rantsar da Abba ranar 29 ga Mayu a filin wasa na Sani Abacha. Ganduje bai halarta ba, yana Abuja wurin rantsar da Tinubu, kuma a farkon Agusta ya zama shugaban APC na ƙasa. Wato yayin da shari'ar ke gudana, jagoran masu ƙara shi ne shugaban jam'iyya mai mulkin ƙasa, abin da ya ƙara wa magoya bayan NNPP zargi a kan duk hukuncin da ya biyo baya.

Sabuwar gwamnati kuma ba ta yi sanya ba. Cikin makon farko ta fara rusau: gine-ginen filin sukuwa, na tsohon otal ɗin Daula, shagunan filin Idi, har da shataletalen gidan gwamnati. Wasu sun yaba, waɗanda suka yi asarar dukiya sun tafi kotu, kuma a ƙarshen Satumba Babbar Kotun Tarayya a Kano ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30.

Hukuncin da aka karanta ta Zoom

Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180 daga ranar shigar da ƙara, kowane matakin ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Kafin ranar hukunci iska ta riga ta gurɓace. A watan Agusta Mai shari'a Flora Azinge, wadda ke shugabantar kotun ƙararrakin 'yan majalisa a Kano, ta faɗa a bainar jama'a cewa ana yunƙurin ba alƙalai cin hanci. A tsakiyar Satumba gwamna ya kori kwamishinansa na filaye, Adamu Aliyu Kibiya, bayan an ji shi yana yi wa alƙalai barazana. Ranar 20 ga Satumba alƙalan uku, ƙarƙashin Mai shari'a Oluyemi Akintan-Osadebay, ba su zo zauren kotun ba. Ta Zoom suka karanta hukuncin.

Kotun ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba, bisa dalilin cewa takardun ƙuri'un ba su cika sharaɗin hatimi, sa hannu da kwanan wata na jami'in rumfa ba. Ya rage da 853,939. Na Gawuna ba a taɓa su ba, 890,705, don haka ya koma gaba da 36,766. Kotun ta umarci INEC ta karɓe takardar shaidar Abba ta ba Gawuna. 'Yan sanda suka sa dokar hana fita ta awa 24.

A nan ne shari'ar Kano ta zama darasi ga ƙasa baki ɗaya, domin tambayar da ta taso ta shafi kowane mai zaɓe. Buga hatimi da sa hannu a bayan takardar ƙuri'a aikin jami'in INEC ne. Mai zaɓe ba shi da hatimi, yawanci ma ba ya juya takardar ya duba. Idan jami'i ya yi sakaci, ko ya yi da gangan, wa ya kamata ya ɗauki hukuncin? APC ta ce takardar da ba ta da cikakkiyar shaida ba a san daga inda ta fito ba, ta yiwu cusa ta aka yi. Wannan ba hujjar banza ba ce, don dalilin hatimin ke nan tun asali. Ɓangaren Abba ya ce in haka ne sai a kawo shaidar cusawar, ba a kashe ƙuri'ar mutum dubu ɗari da sittin da biyar saboda kuskuren wanda ba su suka ɗauke shi aiki ba.

Shafi na 67

Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja, ƙarƙashin Mai shari'a Moore Adumein, ta yanke hukunci ranar 17 ga Nuwamba. Ta tabbatar da tsige Abba, amma ta fi jingina a kan wani dalili: cewa lokacin da NNPP ta tsayar da shi, sunansa ba ya cikin rajistar mambobin da ta miƙa wa INEC. Sashe na 177(c) na Kundin Tsarin Mulki ya ce dole ɗan takarar gwamna ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi, sashe na 77 na Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ya wajabta wa jam'iyya miƙa rajistarta kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Lauyoyi da dama sun yi mamaki, domin wata biyu kafin nan, a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, alƙalan wannan kotu sun yi watsi da irin wannan ƙorafi da APC ta yi a kan Peter Obi, suka ce batun wane ne ɗan jam'iyya harkar cikin gida ce.

Bayan 'yan kwanaki sai ga abin da ya fi hukuncin tayar da ƙura. A kwafin hukuncin mai hatimin kotu da aka ba lauyoyi, shafi na 67 ya ce an warware dukkan batutuwa ne don amfanin mai ɗaukaka ƙara, wato Abba, an soke hukuncin kotun farko, har an ci APC tarar naira miliyan ɗaya a biya shi. Sauran shafukan da abin da aka karanta a zaure sun faɗi akasin haka. Babban magatakardan kotun, Umar Bangari, ya ce kuskuren rubutu ne, aka nemi lauyoyi su dawo da kwafin a gyara. NNPP ta ce ba kuskure ba ne, asalin hukuncin ne ya leƙo. Babu wanda ya kawo hujjar da ta tabbatar da wannan zargi. Amma kuskuren da ya haɗa da sunan wanda ya yi nasara, da soke hukuncin ƙasa, da adadin tara da wanda zai biya, ya wuce a ce ɗan yatsa ne ya zame, kuma kotun ba ta yi wa jama'a bayanin da zai gamsar kan yadda aka yi hakan ta faru ba. An yi zanga-zanga a Kano, an yi sallolin alƙunuti, kowane ɓangare da nasa malaman.

Kotun Ƙoli

An saurari ƙarar ranar 21 ga Disamba. Wole Olanipekun ya jagoranci lauyoyin Abba, Akin Olujinmi na APC. Ranar Juma'a, 12 ga Janairu, 2024, alƙalai biyar suka yanke hukunci da murya ɗaya, Mai shari'a John Inyang Okoro ya karanta.

Kan ƙuri'un da aka cire, kotun ta ce an yi amfani da sashen da bai dace ba. Sashe na 71 na Dokar Zaɓe, mai maganar hatimi da sa hannu, takardun rubuta sakamako yake nufi. Sashen da ya shafi takardar ƙuri'a shi ne na 63, kuma ƙaramin sashensa na biyu ya ba jami'in zaɓe damar ƙirga takardar da ba ta da alamar hukuma, matuƙar ya gamsu cewa daga kundin takardun da aka ba wannan rumfa ta fito. Tunda APC ba ta tabbatar da cewa takardun ba na INEC ba ne, ko cewa Abba ne ya sa aka yi hakan, sai kotu ta mayar da ƙuri'un. Kan zama ɗan jam'iyya, ta ce wannan batu ne na kafin zaɓe kuma na cikin gidan jam'iyya, wata jam'iyya ba ta da hurumin ƙalubalantarsa a kotun zaɓe, balle ga shi NNPP da kanta ba ta taɓa musanta cewa ita ta tsayar da shi ba. Alƙaluman 20 ga Maris suka dawo yadda suke.

A wannan rana kotun ta kuma soke hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a kan Caleb Mutfwang na Filato da Dauda Lawal na Zamfara, su ma 'yan adawa. Gawuna ya karɓi hukuncin a karo na biyu.

Mulki ya tabbata, kujeru 26 na majalisar jiha suka fara aiki a kan batun da aka daɗe ana jira. Ranar 23 ga Mayu, 2024, majalisar ta soke dokar masarautu ta 2019, gwamna ya sa hannu a ranar, washegari ya miƙa wa Muhammadu Sanusi II takardar komawa gadon sarauta. Ranar 25 ga wata Aminu Ado Bayero ya dawo Kano da rakiyar jami'an tsaro ya sauka a ƙaramar fadar Nassarawa, lauyoyin ɓangarorin biyu kuma suka sake kama hanyar kotu.